Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Tsaro da Babban Hafsan Tsaro Kan Iyalan Sojojin da Suka Rasu a Bakin Daga

Mai girma Ministan Tsaro, ranka ya daɗe,
Mai girma Babban Hafsan Tsaro, Allah Ya ƙara nasara,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina yi muku ta'aziyyar dakarunmu da suka riga mu gidan gaskiya a bakin aiki. Allah Ya ji ƙansu, Ya ba iyalansu haƙurin rashi. Ni malamin makaranta ne a Zariya, ban taɓa sa kaki ba. Amma a garin nan da wuya ka sami gidan da ba shi da maƙwabci ko suruki ko ɗan unguwa da ya bi ta Daffo, inda ake horar da kurata tun 1924. Ɗalibaina da yawa can suka nufa bayan sakandare, wasu sun dawo da igiya a hannu, wasu kuma sai dai labari. Wannan ne ya ba ni bakin magana.

A ranar 27 ga Maris, 2024, aka yi jana'izar sojoji 17 na Bataliya ta 181 a Maƙabartar Sojoji ta Ƙasa da ke Abuja, waɗanda aka kashe a Okuama ta Jihar Delta ranar 14 ga watan. Akwai kwamandansu Laftanar-Kanar A. H. Ali, da manjo biyu, da kyaftin ɗaya, da ƙananan sojoji 13. Shugaba Tinubu ya je da kansa. An faɗi sunan kowane ɗaya, an nuna hotonsa, an ba shi lambar girma ta ƙasa. Aka yi wa kowane iyali alkawarin gida a duk inda suka zaɓa a Najeriya, da ɗaukar nauyin karatun 'ya'yansu har jami'a, har da waɗanda ba a haifa ba tukuna, aka kuma ba da umarnin a biya haƙƙoƙinsu cikin kwana 90. Marigayi Laftanar-Janar Lagbaja, wanda shi ne Hafsan Sojojin Ƙasa a lokacin, ya tsaya ya ƙirga abin da suka bari: mata 10, uku daga ciki da juna biyu, da marayu 21.

Abin da aka yi ranar nan shi ne daidai, ba ni da ta cewa a kai. Buƙatata ita ce a mayar da shi doka, ya zama haƙƙin kowane soja da ya mutu a bakin aiki, ko shugaban ƙasa ya je jana'izarsa ko bai je ba. Kofur ɗin da nakiya ta tashi da motarsu tsakanin Damboa da Biu, da saje ɗin da aka yi wa kwanton ɓauna a dajin Zurmi ko Birnin Gwari, su ma mata da 'ya'ya suka bari, kuma rantsuwa ɗaya suka yi da na Okuama. Watanni bakwai kafin Okuama, a Agustan 2023, Hedikwatar Tsaro da bakinta ta ce an rasa dakaru 36 a Jihar Neja, tsakanin kwanton ɓaunar yankin Zungeru da faɗuwar jirgi mai saukar ungulu da ya je kwaso waɗanda suka jikkata. Iyalan waɗannan fa, gida nawa aka ba su? 'Ya'yansu nawa ne ke karatu da kuɗin gwamnati a yau? Ku ne kuke da amsar, kuma ya kamata 'yan ƙasa su ji ta.

Gaskiyar magana, karramawa a wurinmu tana bin girman anini da yawan kyamarorin da suka zo. Duk mai bin labarin yaƙin Borno ya san Laftanar-Kanar Muhammad Abu Ali, wanda ya jagoranci tankokin da suka ƙwato Baga a 2015, aka kashe shi a Malam Fatori ranar 4 ga Nuwamba, 2016. Ya san Kanar Dahiru Bako na Damboa, da ya rasu a Satumban 2020, wanda Gwamna Zulum ya ba iyalansa gida da naira miliyan 20. Ya san Birgediya-Janar Dzarma Zirkusu da aka kashe a Askira Uba a Nuwamban 2021. Wallahi sun cancanci fiye da abin da aka yi musu. To amma tare da Abu Ali aka binne mutum shida, tare da Zirkusu aka rasa sojoji uku. Wa ke tuna su yanzu in ba iyayensu da matansu ba? Idan taimako ya dogara da tausayin gwamna ko hayaniyar jaridu, to mai uwa a gindin murhu ne kaɗai ba zai ci tuwonsa gaya ba.

Bari in fara da abin da ba ya cin kuɗi, wato suna.

A Taukkyan, kusa da birnin Rangun na ƙasar Bama, akwai ginshiƙan dutse da aka sassaƙa sunayen sojoji kusan 27,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Biyu ba a san kabarinsu ba. A cikinsu akwai kakanninmu na Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda aka kwasa daga garuruwanmu aka kai su yaƙar Japanawa cikin dazuzzukan da ba su taɓa jin sunansu ba. Turawan mulkin mallaka, waɗanda ba su ɗauke su daidai da nasu 'ya'yan ba, sun rubuta sunayensu, kuma har gobe ana share wurin. Mu kuma da muke da 'yancinmu, yaƙin Boko Haram da muke ciki tun 2009 ba shi da wani kundi da ɗan ƙasa zai buɗe ya ga sunan ɗan'uwansa, da bataliyarsa, da ranar da ya faɗi, da inda aka binne shi.

Ku tuna Metele. Ranar 18 ga Nuwamba, 2018, aka afka wa Bataliya ta 157, aka kashe kwamandanta Laftanar-Kanar Ibrahim Sakaba. Kwanaki aka yi hukuma ba ta ce uffan ba, bidiyo na yawo a wayoyi, kafofin labarai na ƙiyasin da ya kai mutum ɗari. Daga baya rundunar soja ta ce 23 ne. A cikin kwanakin nan na shiru, matan bariki daga Maiduguri har Legas suna ta kiran layukan da ba sa shiga. Na san dalilin da ake bayarwa, cewa faɗin adadi yana ƙara wa abokan gaba ƙwarin gwiwa, yana karya zuciyar dakaru. Ban gamsu da shi ba. Abokan gaba sun riga sun ƙirga gawarwakin, su suka ɗauki bidiyon. Sojan da ke ramin tsaro kuwa ya fi kowa sanin wanda ya dawo da wanda bai dawo ba, kuma abin da ke karya masa zuciya shi ne ya ga an binne abokinsa a ɓoye, ya san shi ma haka za a yi masa.

Maƙwabtanmu da muke yaƙi ɗaya da su sun nuna ana iya faɗin gaskiya ƙasa ba ta rushe ba. Da aka kai hari Inates a Disamban 2019, gwamnatin Nijar ta ce sojoji 71 ta rasa, ta sa zaman makoki na kwana uku. Bayan wata guda aka yi na Chinagodar, ta ce 89. Da aka yi wa Chadi ɓarna a Boma a Maris ɗin 2020, marigayi Idriss Deby da kansa ya je wurin ya faɗi adadin a gaban kyamara.

Sai batun yadda labarin mutuwa ke isa gida. A unguwarmu akwai wata baiwar Allah da mijinta ke Arewa maso Gabas. Kullum bayan Isha'i yakan kira, in an sami sabis, ya tambayi yara ko sun je Islamiyya. Kiran ya ɗauke. Aka yi ta cewa ai sun shiga daji ne. Ranar da ta sani, tana tsugune tana wanke-wanke ƙaninta ya shigo da waya a hannu, ya kasa magana, ya miƙa mata. Wani abokin aikin mijin ne ya sa hotonsa a Facebook da "Allah Ya ji ƙanka" a ƙasa. Kumfar sabulu na hannunta ta karɓi wayar. Lokacin har an binne shi. Ba ta ga gawa ba, uwarsa ba ta yi masa addu'ar sallama ba, kuma tsohuwar ta daɗe tana cewa ita ba ta yarda ba, tunda ba wanda ya zo ya gaya mata.

Ranka ya daɗe, a al'adarmu ko ɗan akuya aka ba ka kiwo ya mutu, kai kake zuwa da ƙafarka ka faɗa wa mai shi. A sa doka cewa cikin kwana biyu ko uku hafsa mai kaki, tare da liman ko fada na bariki mafi kusa, zai je ƙofar gidan ya yi sallama ya faɗa. Muna da barikoki a kusan kowace jiha, wannan ba zai gagara ba. Idan yanayi ya tilasta a yi jana'iza a barikin Maimalari na Maiduguri kafin dangi su iso, a kai su daga baya su ga kabarin, a kuɗin rundunar.

Daga nan ne wahalar takardu ke farawa, kuma a nan nake so ku tsaya ku duba da kyau. Matar da aka yi wa rasuwa, in Musulma ce, tana cikin takaba wata huɗu da kwana goma. A daidai wannan lokacin ne ake buƙatar takardar shaidar mutuwa, da wasiƙar ta'aziyya daga kwamanda, da rantsuwar kotu, da hotunan fasfo, da shaidar cewa ita ce magajiya, da bayanan banki. Kowace takarda da inda ake samunta, wata a bataliyar da ke can bakin daga, wata a Abuja. Matar da nake ba ku labari sai da ta sayar da keken ɗinkinta ta yi kuɗin mota, ta je wani ofishi aka ce fayil ɗin bai iso ba, ta koma aka ce wanda zai sa hannu ya tafi kwas. Wadda ke cikin bariki kuma tana da wata fargabar a kai, domin ɗakin na gwamnati ne, akwai wa'adin tashi, akwai wani sojan da ke jiran a ba shi. Ba na cewa a bar mutum a bariki har abada. Ina cewa kada a ba kowace mace takardar tashi sai kuɗinta sun shiga hannunta, kuma sai yaranta sun ƙarasa zangon karatun da suke ciki. Duk waɗannan takardu ai a hannun rundunar suke. Me ya sa ita za ta bi su? A naɗa wa kowane iyali jami'i ɗaya, mai suna da lambar waya, shi ya bi fayil ɗin har ƙarshe, kuma a tambaye shi in kwana 90 suka wuce.

Akwai wata matsala da ba a cika faɗinta a bainar jama'a ba saboda ta shafi cikin gida. Yaro yana shiga Daffo yana ɗan shekara 19 ko 20, a ba shi fom ya rubuta magaji, ya rubuta babansa ko wansa, domin lokacin su yake da su. Ya yi aure, ya haifi uku, wataƙila ya ƙara ta biyu, fom ɗin yana nan yadda yake. Ranar da ta Allah ta kasance, kuɗi su faɗa asusun wan. In mai tsoron Allah ne ya kira malamai a raba, matan su sami tumuninsu, iyaye su sami nasu, sauran na 'ya'ya. In ba haka ba, sai ka ga sabuwar mota a ƙofar gidansa, marayu kuma an kore su daga makaranta. Haka yake faruwa a gidajen Kirista ma, inda dangin miji kan kwashe komai su bar matar da yara. Wanda aka rubuta a fom wakili ne, amana aka ba shi, dukiyar ba tasa ba ce. Ku tilasta sabunta fom ɗin duk shekara da kuma kafin a tura kowa bakin daga, a rubuta kowace mata da kowane ɗa da sunansa. Kason yara ƙanana kuma a ajiye shi a asusun da ba mai taɓawa sai don karatunsu da lafiyarsu. Magajiyoyin bariki sun san kowane ɗaki da abin da ke cikinsa, ku sa su cikin aikin tantancewa.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne matan sojojin da aka ce sun ɓace. Ba gawa, ba kabari, ba takardar mutuwa. Ita ba matar aure ba, ita ba mai takaba ba. Shari'a ta tanadi hukuncin matar wanda ya ɓace, amma alƙali yana buƙatar bayani daga hukumar da ta tura shi. A sa wa'adi bayyananne, a ci gaba da biyan iyali albashinsa har wa'adin ya cika, sannan a ba su takarda da cikakken haƙƙi kamar na wanda aka ga gawarsa.

Kan kuɗi ba zan tsawaita ba. A ƙarshen 2023 an sanar da cewa shugaban ƙasa ya amince da naira biliyan 18 don biyan inshorar rai da sauran haƙƙoƙin iyalan sojojin da suka rasu. Madalla. Amma kuɗin da aka biya bayan shekaru ba su ne kuɗin da aka ci bashi ba, kowa ya san abin da naira ta zama tun daga 2023. Kuma mun ga tsofaffin sojoji, wasu da sanduna, sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja a Disamban 2024 da Janairun 2025 suna neman haƙƙinsu. Idan mai rai da ya san kan ofis sai ya yi zaman dirshan kafin a saurare shi, ina ga matar da ke ƙauyen Gumel ko Zuru, wadda ba ta taɓa zuwa Abuja ba? Haka kuɗin bajon tunawa da mazan jiya da ake ƙaddamarwa duk shekara, gwamnoni da manyan 'yan kasuwa su yi alkawarin miliyoyi. Ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Legion tana nan da dokarta tun 1964. A riƙa buga lissafi: nawa aka yi alkawari, nawa aka karɓa, iyali nawa suka amfana a kowace jiha. Mutane za su fi sakin hannu in sun ga inda abin ke zuwa.

Kada kuma a manta da waɗanda suka dawo da rai amma ba su dawo daidai ba. Duk wanda ya taɓa shiga asibitin sojoji na 44 a Kaduna dubiya ya ga samarin da suka rasa ƙafa ko ido. Sai da Yarima Harry na Ingila ya ziyarce su a Mayun 2024 sannan wasunmu suka san da su. Akwai kuma ciwon da ba a gani, mutum ya shekara uku ko huɗu a daji ba canji, ya dawo ba ya barci, ƙarar murfin tukunya ta firgita shi, matarsa da 'ya'yansa su ne ke kwana da abin. Su ma iyalan soja ne masu buƙatar a dube su. Haka 'yan Civilian JTF da mafarauta da 'yan sa-kai da ke shiga gaba suna nuna hanya, su da ba su da lambar aiki balle fansho.

Na san akwai masu karanta wannan wasiƙa da zuciyarsu ba ta yi wa soja daɗi. A Zariya nake, ban manta kisan da sojoji suka yi wa 'yan Shi'a a Disamban 2015 ba. Ban manta bama-baman da soja suka jefa wa fararen hula a Rann a 2017 ba, ko a Tudun Biri a Disamban 2023, kuma mutanen Okuama su ma suna da nasu kukan kan abin da ya sami garinsu bayan kisan. Waɗannan haƙƙoƙi ne da ke wuyan hukuma, kuma biyan su zai sa jama'a su fi jin mutuwar soja a jikinsu. Amma yarinya 'yar shekara shida da aka kashe ubanta a Marte ba ta harbi kowa ba. Mu ma jama'ar gari da laifinmu, mukan ɗauka iyalan soja 'yan gwamnati ne, sai mu tsallake su wajen rabon zakka da kayan azumi. Alhali ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wanda ya kula da iyalan mayaƙi da alheri a bayansa, shi ma ya yi yaƙin. Wannan tsakaninmu ne da limamanmu da masu unguwanninmu, za mu ji da shi.

Naku kason shi ne doka. Duk ranar 15 ga Janairu, ranar da aka kawo ƙarshen yaƙin basasa a 1970, ana fareti a Abuja, a ajiye furanni, a harba bindiga, a saki fararen tattabaru. Ban raina wannan ba. Ina roƙon kafin ta sake zagayowa ku kai wa Majalisar Tarayya ƙudurin da zai tabbatar wa iyalan kowane soja, daga kurtu har janar, sanarwa cikin mutunci, da biya cikin kwana 90, da matsuguni, da karatun yara, tare da hukunci ga jami'in da ya danne fayil. A ranar kuma a karanta sunayen waɗanda aka rasa a shekarar, a Abuja da kowane babban birnin jiha, a sa su a rediyo da harsunan da iyayensu ke ji.

Kafin dokar ta fito, akwai abin da sa hannunku kaɗai ya isa ya yi. A buɗe teburin iyalan mamata a hedikwatar kowace runduna, ta 1 a Kaduna, ta 3 a Jos, ta 7 a Maiduguri, ta 8 a Sakkwato, da sauran na Kudu, da layin waya na kyauta da za a amsa da Hausa da Yarbanci da Ibo da Turancin buroka, don mace ta san inda fayil ɗin mijinta ya tsaya ba sai ta hau motar Abuja ba.

Allah Ya yi muku jagora, Ya kare dakarunmu a duk inda suke.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin makaranta daga Zariya